Kafin mu nemi sabuwar jami'a a Kadawa, ina labarin waɗanda muke da su?

Jama'a, rubutun yau yana da tsawo. Wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare, domin magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Asabar ɗin da ta wuce na je gida ɗaurin aure. Bayan an shafa fatiha an ci abinci, muka koma majalisarmu ta wajen mai shayi a bakin titi. Sai hira ta faɗa kan matakin nan da gwamnatin tarayya ta ɗauka a watan Agustan 2025, na dakatar da buɗe sababbin jami'o'i da sauran manyan makarantu na tarayya har tsawon shekara bakwai. Wani ƙanenmu da ya gama bautar ƙasa bara ya taso da zafi. Ya ce an rufe ƙofa mu muna waje. Wai yankin da yake ciyar da Kano da shinkafa, yake tura tumatir har Legas, a ce babu jami'ar noma ko ɗaya a Kura ko Bunkure ko Garun Malam? Ya ce wasu sun kai jami'a ƙauyukansu, namu wakilan suna barci. Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ma da farko na gyaɗa kai.

Baffana yana gefe a kan tabarma, bai tanka ba. Ya haura shekara saba'in, kuma tun yana saurayi yake noman rani a bakin kanal. Sai da hayaniya ta lafa ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗan nan, in an kawo jami'ar, za ta san maganin sharon?"

Aka kwashe da dariya. Yaron ya ce, "Baffa, ai aikinta ke nan."

Baffa ya ce, "To, waɗanda ake da su yanzu me ya hana su zo su gaya mini?"

Ba wanda ya amsa. Tambayar nan ta biyo ni har Kano, kuma ita ce ta sa na zauna rubutun nan. Ra'ayina shi ne: ko gobe aka janye dakatarwar, sabuwar jami'a ba ita ce buƙatarmu ta farko ba. Ilimin noma yana kewaye da Kadawa ta ko'ina. Abin da ya ɓata shi ne hanyar da zai bi daga aji ya iso gona. Na san wasu abokaina ba za su ji daɗin wannan ba, amma ku bi ni a hankali.

Mu fara da ƙirga abin da ke hannunmu. A cikin Kadawa kanta akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ita Samaru tun 1922 ake binciken noma a cikinta, ta shiga ƙarƙashin jami'ar a 1962. Duk irin masara, dawa, gyaɗa ko wake da ka ji sunansa ya fara da SAM, daga can ya fito. A Bagauda, nan kusa da mu, akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda tumatir yake cikin aikinta. A Kano akwai Jami'ar Bayero da tsangayar noma da kuma cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A Wudil akwai Jami'ar Aliko Dangote, ita ma tana koyar da noma. A Dambatta akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako. Ga IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a Kano. Ga NAERLS a Zariya, wadda aikinta kacokan shi ne isar da sakamakon bincike ga manomi. Ga KNARDA ta jiha. Yawancin wuraren nan, in ka tashi daga Kwanar Gafan bayan sallar asuba, kafin hantsi ka isa.

Sannan ga gonar kanta. Madatsar Tiga da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974, ita take turo ruwa ta babban kanal, ya ratsa Ruwan Kanya, ya gangaro gonakinmu da kansa ba tare da inji ba. Kashin farko na shirin an tsara shi a kan hekta 22,000. Injiniyoyin kamfanin NEDECO na ƙasar Holan suna cikin waɗanda suka yi nazarin shirin tun daga tushe. Duk malamin da yake koyar da ban ruwa, ko ilimin ƙasa, ko cututtukan shuka, ko kasuwancin amfanin gona, ba zai samu ajin da ya fi wannan ba a duk Arewa.

To da duk wannan arziki, ga abin da ya faru da Baffa a 2016.

Shekarar ce aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a rana. Murna ta cika gari. Mutane suka faɗaɗa gona, wasu suka ci bashi. Baffa ya sayar da bijiminsa ya ƙara eka. Sai ga sharon. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Gonar da ka bari kore shar ranar Litinin, ka dawo Juma'a ka tarar kamar an bi ta da wuta. Masifar ta kai har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashi ya yi tashin gwauron zabo a faɗin ƙasa, ita ma masana'antar ta tsaya don babu abin da za ta sarrafa.

Me Baffa ya yi? Abin da kowa ya yi. Ya tafi wurin mai sayar da maganin feshi. Aka ba shi wannan, bai yi ba. Aka ba shi wancan, bai yi ba. Aka ce ya haɗa uku a tanki ɗaya ya ƙara ƙarfi. Yaran da suke yi masa feshi ba safar hannu, ba takunkumi, ɗaya sai da ya kwana biyu yana amai. Kuɗin bijimi ya ƙare a kwalabe, tumatir kuma bai tsira ba.

Abin da yake ƙona mini rai shi ne, ƙwaron nan ba baƙo ba ne ga masana. Tuta absoluta sunansa a littafi. Asalinsa Kudancin Amurka, ya shiga Sifen a 2006, ya bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, ya ratso Afirka, bai iso mu ba sai wajen 2015. Kusan shekara tara ke nan ana rubutu a kansa. An san tsutsarsa tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, shi ya sa yawancin feshi ba ya taɓa ta. An san yana saurin sabawa da magani idan aka nace wa iri ɗaya. An san ana kafa tarko mai ƙamshin macen don a gane isowarsa da wuri, an san muhimmancin tsabtace wurin renon iri, da ƙona ragowar shuka bayan girbi, da sauya abin da ake shukawa. Duk wannan yana rubuce da Turanci, a cikin mujallun da Baffa ba zai taɓa gani ba. Ilimin ya yi tafiyar dubban kilomita daga Turai zuwa ɗakunan karatunmu, amma 'yar tazarar da ta rage zuwa bakin kanal ta gagare shi. Kuma sharon bai tafi ba, ya sake dawowa a shekarun baya-bayan nan.

Yau idan ka tambayi ƙaramin manomi a yankinmu wane ne malaminsa, in zai faɗa maka gaskiya, mai shagon magani ne. Ba na zagin masu shago, da yawansu 'yan uwanmu ne kuma suna iya ƙoƙarinsu. Amma mutumin da ribarsa take cikin yawan kwalbar da ka saya, da wuya ya ce maka kada ka yi feshi yau.

Kada a ce 'yan jami'a ba sa zuwa. Suna zuwa mana. Kowace shekara za ka ga ɗalibai daga makarantu daban-daban da takardun tambayoyi. Shekararka nawa? Matanka nawa? Eka nawa kake nomawa? Buhu nawa ka samu? Baffa ya ce ya amsa tambayoyin nan har ya haddace su. Ɗalibi ya koma, ya rubuta kundinsa, aka yi masa bango mai kyau, ya samu digiri, kundi ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Har yau ba a taɓa samun wanda ya dawo ya ce, "Baba, ga abin da muka gano" ba. Mun zama rijiya, kowa ya zo ya ɗiba ya tafi.

Ban ɗora wa malaman jami'a laifin nan su kaɗai ba, kuma ina da abokai a cikinsu da suke kashe kuɗin aljihunsu su je gona. Akwai ranakun baje kolin gonakin gwaji, akwai shirye-shiryen rediyo, akwai irin aikin da Sasakawa ta daɗe tana yi da manoma a Kano. Amma dubi yadda aka gina tsarin. Ana ƙara wa malami girma ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallu. Wanda ya shafe rani guda yana zagaya gonaki a Bunkure yana ceto tumatir ɗin mutane, wannan wahalar ba ta da wani nauyin kirki a takardar ƙarin girmansa. Ga aji cike da ɗalibai, ga mota babu mai, ga albashin da ba ya kai wata. A 2022 kaɗai, yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. In ka kafa sabuwar jami'a a Kadawa a kan wannan tsarin, abin da za ka samu shi ne katanga, da babbar ƙofa, da allo mai suna, Baffa kuma yana waje yana leƙe.

Mun ma taɓa gwadawa. An kafa jami'o'in noma a Makurdi da Abeokuta a 1988, aka ƙara ta Umudike a 1992. Da tafiya ta yi nisa sai kwasa-kwasan akanta da harkar banki da gudanarwa suka cika su, domin nan ɗalibai suke, nan kuɗin shiga yake. Sai da gwamnatin tarayya ta fito a 2017 tana umartar su su koma kan aikin da aka kafa su dominsa. Suna kaɗai ba ya noma.

Yanzu bari in kai ku wata ƙasa, kuma a teburin mai shayin nan namu na samo hanyar. Madarar Dano da yake zuba mana, kamfanin Arla ne yake yin ta. Arla kuwa ba na wani attajiri ɗaya ba ne. Ƙungiyar haɗin gwiwa ce ta dubban manoma masu shanu, hedikwatarta tana ƙasar Danmak, a arewacin Turai. Har gonar shanu suka buɗe a Damau ta jihar Kaduna a 2023. Danmak ɗin nan mutanenta kusan miliyan shida ne, ba su kai mutanen jihar Kano ba ko a ƙidayar 2006. Jami'o'inta takwas ne kacal. Mu a Najeriya namu sun haura 270. Yaya aka yi manoman ƙasar da ba ta kai Kano yawan jama'a ba suke sayar mana da madara, mu da muke da shanu?

A 1864 Danmak ta sha kashi a yaƙi da Jamusawan Prussia da Austria, ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasarta. Ba a daɗe ba hatsi mai araha daga Amurka da Rasha ya cika kasuwannin Turai, farashin abin da manomansu suke nomawa ya faɗi warwas. Wato sun ga irin ranar da muke gani idan kwandon tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan har kuɗin mota ba ya fita. A lokacin suna da Jami'ar Copenhagen tun 1479, amma ta malaman coci ce da lauyoyi da likitoci. Abubuwa uku ne suka haɗu suka fitar da manominsu.

Na farko, makarantun manya na karkara. Wani malamin addininsu mai suna Grundtvig ne ya kawo tunanin, aka buɗe ta farko a garin Rødding a 1844. Samarin ƙauye suna zuwa a watannin hunturu lokacin da babu aikin gona, 'yan mata kuma suna zuwa da bazara. Da harshensu na gida ake koyarwa. Babu jarrabawa, babu satifiket. Ana koya musu tarihi, da lissafi, da yadda ake tsayawa a yi magana a taro, a gefe guda kuma makarantun koyon noma suka taso a kan wannan salon. Yaro ya gama ya koma gonar ubansa, ba ya tafi birni neman aikin ofis ba.

Na biyu, masanin da ya fita daga harabar makaranta. Kwalejin noma da likitancin dabbobi da suka buɗe a Copenhagen a 1858 tana da wani malami, N. J. Fjord. Shi gwaje-gwajensa a gonakin mutane da wuraren sarrafa madara yake yin su: wane injin raba man shanu ne ya fi, yaya za a sanyaya madara da ƙanƙara, wane abinci ne ya fi sa saniya ta ba da nono. Tambayoyin manoma ne, amsar kuma manoma ake kai wa.

Na uku, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai, manoman da kansu suka zama iyayen gidan ilimin. A 1882 manoman ƙauyen Hjedding suka haɗa kai suka kafa wurin sarrafa madara na haɗin gwiwa. Kafin shekarar 1900 irin waɗannan sun haura dubu a ƙasar. A 1895 wasu 'yan manoma a yankin Vejen suka haɗa kuɗi suka ɗauki ma'aikaci guda, aikinsa ya riƙa zagaya gidajensu yana auna madarar kowace saniya da abin da ta ci, don a san wadda take biyan kuɗin abincinta da wadda take cin banza. Har gobe, malaman gona a Danmak yawancinsu ma'aikatan kamfanonin ba da shawara ne mallakar ƙungiyoyin manoma, kuma manomi ne yake biya. Ka ga ke nan idan shawara ba ta yi amfani ba, akwai wanda zai tambaya, akwai wanda za a sallama.

Ga wani na kwanan nan da ya yi kama da namu sak. Suna da wata tashar binciken noma a ƙauyen Foulum, kusa da garin Viborg, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Aarhus tun 2007. A 2021 'yan siyasarsu suka amince a rage cunkoson karatu a manyan birane a kai wasu kwasa-kwasai yankunan karkara. Ba su ƙirƙiro jami'a ta tara ba. Jami'ar Aarhus ce ta mai da tashar nan reshenta, a 2024 ɗalibai suka fara karatun likitancin dabbobi da kimiyyar dabbobi da ta shuke-shuke a can, kusa da shanu da gonakin gwaji. Da na ga wannan sai na ce, to mu ina tashar Kadawa?

Na san abin da za a ce, kuma wasu maganganun suna da ƙarfi.

Za a ce Danmak masu kuɗi ne. Haka ne. Ɗan ƙasa ba ya biyan kuɗin jami'a, har alawus gwamnati take ba ɗalibi duk wata. Amma harajin kayan masarufi a can kashi 25 ne cikin ɗari, namu 7.5, ban da harajin albashi mai nauyi da suke biya. Wannan ɓangaren ba za mu iya kwaikwaya yau ba. Sai dai ku lura, abin da na ba da labari a sama ba a zamanin arziki aka yi shi ba. Manoman Hjedding talakawa ne da kasuwa ta juya wa baya. Arzikin daga baya ya zo.

Za a ce su sun yi karatu. Wannan ma gaskiya ne, tun 1814 suka wajabta karatun yara. Shi ya sa duk mai son ci gaban yankinmu ya kamata firamaren ƙauyensu ta fi damunsa a kan jami'a. Amma kada mu raina kanmu. Baffa yana karanta ajami tsaf, yana lissafin taki da kwadago da ka, ba ya kuskure. Manomin da yake juya amfani uku a gona ɗaya cikin shekara ba jahili ba ne. Harshen da ake ajiye ilimin a cikinsa ne ba nasa ba.

Za a ce ba komai nasu ne abin koyi ba. Sosai ma. Yawancin dabbobin da suke kiwo aladu ne, wannan ba hanyarmu ba ce. Yawan taki ya gurɓata musu ruwan gaɓar teku har kifi yana mutuwa, kuma a 2024 sai da suka amince da sanya haraji a kan hayaƙin da dabbobi suke fitarwa daga 2030. Mu da muke ganin kanwa tana fitowa a wasu gonaki, magudanai suna toshewa da kacala, wannan gargaɗi ne gare mu.

Maganar da ta fi ƙarfi ita ce ta ƙanen nan namu, ko da bai faɗe ta ɓaro-ɓaro ba. Jami'a tana kawo aiki. Tana kawo masu haya, da masu shago, da titi, da wuta. Tana sa uban da ba zai bar 'yarsa ta tafi nesa ba ya bar ta ta yi karatu a kusa da gida. Ban raina ko ɗaya ba. Amma mu kira abin da sunansa: wannan neman rabonmu ne na arzikin ƙasa, kuma halal ne mu nema. Sai dai kada mu yaudari kanmu cewa shi ne zai magance sharon. Kuma in ɗalibai da malamai suka fara zama a Kadawa ta hanyar da zan faɗa yanzu, masu haya da masu shagon ma za su samu.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran shekara bakwai ba.

Ɗaya. Digirin noma shekara biyar ne, kuma shekara ta huɗu ta aikin gona ce. Jami'o'in da suke kewaye da mu su haɗa kai da tashar Kadawa da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, a gyara masauki, a riƙa kawo ɗalibai su yi rani guda cur a nan. Kowane ɗalibi a haɗa shi da manoma biyar ko goma, tun daga renon iri har lodin kwando. Kuma manomin ya sa baki a makin da za a ba shi. Yaron da ya yi haka, ko bai samu aikin gwamnati ba, ya san abin da zai yi da eka ɗaya.

Biyu. Wannan namu ne, ba na gwamnati ba. Muna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda shirin TRIMING na Bankin Duniya ya ƙarfafa lokacin gyaran kanal. Muna da ƙungiyoyin masu tumatir da masu shinkafa. Me zai hana manoma ɗari biyu su haɗa abin da bai kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba kowane wata, su ɗauki ɗansu da ya karanta noma, su saya masa babur? Aikinsa ya zagaya gonaki, ya duba tarko, ya kai samfurin ƙasa a auna, ya zama shi ne mai buga wa farfesa waya. Sharaɗi ɗaya: ba zai sayar da magani ko taki ba. In ya yi aiki a sabunta, in bai yi ba a canza shi. Na san za a ce an sha cinye kuɗin ƙungiya. An sha kam. Maganinsa a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, ba a fasa haɗa kai ba.

Uku. Makarantar manoma da Hausa. Mu ba mu da hunturun zaman gida irin na Danmak, noma a nan ba ya yankewa, amma akwai 'yan makonni tsakanin girbi da dashe, akwai bayan la'asar. Mako biyu ko uku, a bakin gona, a rubuta darasi da boko da ajami. Kada a raba kuɗin zama, kada a ba da satifiket, don wanda ya zo ya zama ilimin ya kawo shi. Kuma a yi ajin mata. Matan da suke turara shinkafa a Kura da masu shanya kauɗar tumatir, su ne masana'antarmu ta gaskiya, amma da wuya ka ji an tuna da su.

Huɗu. Duk ɗalibin da ya zo da takardar tambayoyi, masu unguwanni da shugabannin ƙungiya su gindaya masa sharaɗi: in ka gama, ka dawo da shafi ɗaya da Hausa, ka karanta mana abin da ka gano. Su kuma hukumomin jami'a su sa irin wannan aiki ya zama yana da maki a ƙarin girman malami. Ranka ya daɗe Farfesa, in kana karanta wannan, kai ne a majalisar dattawan jami'a, daga bakinka gyaran zai fara.

Biyar. A 2023 gwamnatin Kano ta dawo da tura ɗalibai karatun digiri na biyu a waje, gurbi 1,001, zuwa Indiya da Uganda. Abu ne mai kyau. In za a sake, a ware wasu gurabe musamman don ilimin ban ruwa, da ƙwarin amfanin gona, da lafiyar ƙasa, da sarrafa abinci, da alƙawarin cewa wanda ya dawo zai yi wa yankunan noman rani aiki na wasu shekaru. Sannan a tanadar masa wurin aikin kafin ya sauka daga jirgi.

Ba ɗaya a cikin biyar ɗin nan da yake buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Ba ɗaya da yake buƙatar biliyoyin gina katanga. Watakila ma matsalarsu ke nan, domin babu kwangila a ciki, babu ranar yanka kyalle. In mun yi su shekara bakwai, ranar da aka janye dakatarwar za mu je neman jami'a da hujja a hannu, da ɗalibai a ƙasa, da manoman da suka san abin da suke so ta yi musu. A lokacin ni ne zan fara sa hannu.

Da zan taho ranar Lahadi na biya na yi wa Baffa sallama. Na tarar da shi a wurin renon iri, ya duƙa yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya yana duba bayansa. Na ce, "Baffa, me ake nema?" Ya ce, "Abin da ya cinye mini sa." Shekaru sun wuce, shi kaɗai ya koya wa kansa inda ƙwaron yake ɓuya, da kuɗin bijiminsa ya biya kuɗin makarantar.

'Yan uwa na Kura, Bunkure da Garun Malam, musamman ku da kuka karanta noma kuna zaune ba aiki, da ku malamanmu na jami'a, ina son jin ta bakinku. Wanda yake ganin na yi kuskure ya faɗa, ba zan ji haushi ba, amma a yi da hujja ban da zagi. Wanda kuma yake shugabancin wata ƙungiyar manoma kuma yana ganin shawara ta biyu za ta yiwu a wurinsu, ya yi mini magana, mu ga ta inda za a fara kafin dashen bana.

Allah ya ba mu damina da rani masu albarka, ya tsare mana amfaninmu, ya sa iliminmu ya amfane mu. Amin.